Darasin da Inna Ta Dafa

Innata ba ta yarda ɗanyen nama ya kwana a gidanta ba. Ba ra'ayi ba ne da za a zauna a tattauna, doka ce, kuma babu inda ake ɗaukaka ƙara. In nama ya shigo gidanmu a Jibiya, ko naka ne ko ajiya aka ba ka, daga lokacin da ta ɗora ido a kansa ya zama na tukunya. Tana da hujjarta, ban hana ba: garinmu akwai zafi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take leƙo mu. Amma wannan doka ta kusa ja mini asarar shekara guda ta karatu.

Shekarar da nake koyarwar gwaji ce. Kwalejin horar da malamai takan tura ɗalibanta makarantu su koyar na zango guda, wani malami ya biyo su ya zauna a bayan aji ya ga kamun ludayinsu. In ya gamsu ka wuce, in bai gamsu ba ka maimaita shekara. Ni an tura ni wata firamare a bayan gari, kan hanyar Gangara, aka ba ni 'yan aji biyar, darasin kimiyya, kuma aka yi sa'a ko rashin sa'a zangon ya faɗo kan jikin ɗan Adam.

Zuwan mai duba ni na farko na ɗauka na burge shi. Na cika allo da sunayen sassan jiki da rubutuna mai kyau, ina nunawa da tsumagiya, yara suna amsawa da ƙarfi har ajin kusa da mu yana taya su. In ce huhu, su ce huhu. In ce hanta, su ce hanta. Malamin, wani dogon dattijo mai farin tabarau wanda ba ya dariya sai dai ya gyara hula, ya bari sai da na gama. Sannan ya taso ya tambayi yara inda iska take zuwa in mutum ya shaƙa. Ajin gaba ɗaya suka dafa cibiya suka ce ciki. Ya kira wani yaro ya ce ya nuna masa inda hantarsa take. Yaron ya dube ni, ya dubi rufin aji, ya yi tunani mai zurfi, sannan ya dafa ƙeya.

A waje ya gaya mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa abin da na yi waƙa ce, ba darasi ba. Ya ce zai dawo sau ɗaya, in koyar da numfashi, kuma in zo da abin da yara za su gani da idonsu su taɓa da hannunsu. In ya sake tarar da waƙa, to sai baɗi. Na ji tsoro ƙwarai. Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na yi nisa haka a boko, kuma tuni unguwa ta fara kirana Malama. Ban san da wane ido zan dubi mutane in ce musu Malama ta faɗi ba.

Hedimasta ya ce in kwantar da hankalina, makaranta tana da babban hoton jikin mutum. Ya zaro shi daga bayan kabad cikin alfahari, muka warware, muka tarar gara ta riga mu nazari. Ta cinye bawan Allah tun daga wuya har gwiwa, ta bar mana kai da ƙafafu. Hedimasta ya naɗe abinsa ya mayar bayan kabad, bai sake tayar da maganar ba.

A hanyar komawa gida na tuna da Sallar layya muna yara, yadda yayyena maza kan ɗauke huhun rago kafin ya isa hannun Inna, su kafa baki a maƙogwaron su hura, ya kumbura, mu yi ta tsalle. Da can dukan da suke sha daga baya kawai nake tunawa. Ran nan na gane ashe darasina ne suke yi ba su sani ba. Abin da nake bukata shi ne ƙirjin akuya a haɗe: maƙogwaro da huhu da zuciya da hanta, ba a raba su ba, kuma wuƙa ba ta huda huhun ba.

Sai na tafi kwata, inda ake yanka. Budurwa ba ta cika zuwa can ba, balle budurwa mai jakar littattafai. Na sami wani mahauci mai fara'a, mutumin tsallaken iyaka ne da ya daɗe a Jibiya, na yi masa bayani. Ya ajiye wuƙa ya dube ni da kyau.

"Malama, tun da nike sana'ar ga an tambaye ni hanta, an tambaye ni ƙoda, ba a taɓa tambayata huhu marar huji ba. Mi za ki yi da shi?"

Na ce hurawa zan yi a gaban yara. Ya ce a lakwal, wato makaranta a bakin mutanen can? Na ce eh. Bai yi wata-wata ba ya juya ya sanar da kwata gaba ɗaya cewa ga Malama ta zo za ta tayar da akuya bayan an feɗe ta. Aka yi ta dariya, wani yana cewa in ta tashi tasa ce, wani yana cewa a tambaye ta wa ya yanka ta. Na sha kunya, amma mutumin ya yi mini aiki mai tsabta. Ya zaro abin a hankali, ya naɗe a leda, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Wannan na farko na gwaji ne, don in koyi hurawar kafin ranar. Na ajiye shi a kwano a madafa na rufe da faifai, na fita bakin titi wajen yayana da ke sayar da fetur a galan, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a buɗe musu hanya zuwa Maraɗi. Na karɓo sabon siririn tiyo a wurinsa, irin wanda suke zuƙo mai da shi, don ni ba zan kafa baki a maƙogwaron akuya a gaban dattijon nan ba. Na dawo ina shiga zaure ƙamshi ya tare ni.

Inna tana tsakar gida da maƙwabta biyu, fuskarta sai sheƙi take. Tana gaya musu Auta ko albashi ba ta fara ɗauka ba amma har ta fara sayo wa uwarta nama, Allah ya yi mata albarka. Maƙwabta suka ce amin, suka sa mini albarka su ma. Ta ina zan fara? Na zauna aka zuba mini na ci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya yi daɗi.

Da aka aiko cewa malamin zai zo ranar Litinin da safe, sai na koma kwata ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, don ba a gama yankan safe kafin lokacin da zan kama hanya. Mahaucin ya tambaye ni ko akuyar farko ta tashi. Na ce ta tafi inda 'yan'uwanta suke tafiya. Ya ba ni wani, ya fi na farko kyau. Na biya gidan wata mata mai firjin sola na sayi ƙanƙara, na jera a bokiti, na sa naman a tsakiya, na rufe da buhu. Ko gwada hurawa ban yi ba, don tsoron kada in fasa shi.

Sannan na zaunar da Inna. Na yi mata bayani tun daga farko: malamin, tabaraunsa, yaron da ya dafa ƙeya, shekarar da zan maimaita. Na ce wannan ba nama ba ne, kayan aiki ne, kamar alli, kamar littafi. Ta leƙa bokitin ta ce ita dai nama ta gani. Ta tambaye ni wane irin karatu ne ake yi da abin miya, kuma in an gama nuna wa yaran ina za a kai shi. Na ce zubarwa za a yi. A nan na yi kuskure, don na ga yadda ta haɗe gira. Duk da haka ta ce ta ji, ba za ta taɓa ba.

Ƙamshin citta da masoro ne ya tashe ni sallar asuba.

Na fito ko ɗankwali babu. Tukunya tana kan murhu tana tafasa, Inna tana gyara itace. Ba ta jira na tambaya ba. Ta ce ta tashi alwala ta leƙa bokiti ta tarar ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, lokacin bazara ne, naman yana iyo a ciki. Ta shinshina ta ji ya fara tunanin juyawa. Ita kuwa ba za ta tsaya tana kallo abincin da Allah ya halatta ya lalace a gidanta ba. Ta ƙara da cewa ta zuba masa tumbi da hanjin da aka aiko mana jiya daga gidan suna, don abin da na sayo shi kaɗai ba ya yin farfesun kirki.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani, amma ran nan ko faɗan ban iya yi ba, kuka ne ya zo. Na ce mata shi ke nan ta huta, baɗi ma ina nan tare da ita. Ta ci gaba da juya ludayi. Na shirya ina share hawaye, na jefa tiyon a jaka ban san amfanin da zai yi mini ba. Da ɗan kabu-kabun da ke kai ni makaranta a babur ya iso, ta biyo ni har ƙofar gida da babbar kula cike da farfesun, ɗaure a tsumma, ta ɗora mini a cinya.

"Ki tahi da shi. Jiya ba ki ci komi ba, kuma hushi ba shi ƙosar da mutum."

Da ba a kan titi muke ba da na ajiye mata abinta. Haka na rungume kular muka tafi.

Na tarar malamin ya riga ni isowa, yana zaune a bayan aji a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na tura kular ƙarƙashin tebur na ɗauki alli. Na zana huhu biyu da maƙogwaro. Ni ba gwanar zane ba ce, wata yarinya ta tambaya a hankali ko gwanda ce. Na fara magana, ina jin muryata tana komawa waƙar nan da aka hana ni, kuma na kasa tsayar da ita.

Murfin kular Inna ya daɗe da sakin jiki. Ƙamshi ya fara fitowa daga ƙarƙashin tebur, ya bi layin gaba, ya wuce tsakiya. Yawancin yaran nan koko kawai suka sha suka fito, wasu ko shi ba su samu ba. Na lura babu mai kallon gwandata. Idanu duk sun koma ƙafafun tebur, kuma ko'ina na duba sai in ga wuya yana motsi, ana haɗiyar yawu. Na tsaya da alli a hannu. Na ga dai faɗuwa ce na riga na faɗi, gara in faɗi ina yin wani abu.

Na ce duk wanda ya ji yawu ya taru a bakinsa ya ɗaga hannu. Aka yi ta kallon juna, sannan hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na tambaye su wa ya gaya wa bakinsu akwai abinci, alhali ko gani ba su yi ba. Suka ce hanci. Na ce to hanci magana yake yi? Aka yi dariya. Na gaya musu akwai siraran jijiyoyi da ke ɗaukar saƙo daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa baki cewa ya shirya ruwa, baƙo na tafe, kuma duk wannan aike yana faruwa ba tare da an nemi izininsu ba. Sai na sunkuya na jawo kular na buɗe.

Na sa aka kawo buta kowa ya wanke hannu, aka karyo tsinken tsintsiya sabuwa. Allah ya taimake ni Inna ƙanana take yanka nama, don ta saba ciyar da gida mai yawa. Na kafa doka ɗaya: ba mai haɗiyewa sai ya faɗi abin da ya samu, ya kuma nuna inda nasa yake a jikinsa.

Na fara tsamo guntun maƙogwaro, zobe-zobe da guringuntsi. Na ce kowa ya shafa gaban wuyansa. Suka shafa, suka ji zobban, wasu har suna tari. Na ce wannan ce hanyar iska, an yi ta da tauri don kada ta rufe ko mutum yana barci. Hanyar abinci tana bayanta, ita laushi gare ta, kuma akwai ɗan marfi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiye. Wanda yake surutu yana cin tuwo yakan sa marfin ya ruɗe, loma ta nufi inda ba a gayyace ta ba, ya ƙware. Wani yaro ya ce ashe shi ya sa kakarsa take make shi in yana magana a kan akushi.

Wanda ya sami huhu ya yi ƙorafi cewa nasa ba nama ba ne, soso ne, a canza masa da hanta. Na ce ya duba shi da kyau tukuna. Ya duba ya ga 'yan ƙofofi da 'yan siraran bututu. Na ce maƙogwaro in ya shiga ƙirji rabuwa yake yi biyu, kowane ya yi ta rassa har su zama ƙanana ƙwarai, kuma a ƙarshensu ne iska mai amfani take ratsawa ta shiga jini, wadda jiki ya gama da ita ta fito a busar da ita waje. Na tambaye shi ina nasa huhun yake. Ya kai hannu zai dafa cibiya, ajin ya yi masa ca, ya mayar da hannun ƙirji.

Wata 'yar ruga ta sami zuciya, ta yi ta tauna ta ce tauri gare ta. Na ce dole, tsoka ce zalla, kuma ita kaɗai ce a jiki da ba ta taɓa zuwa hutu ba tun kafin a haifi mutum. Matsewa take yi ta saki, tana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, ya dawo, ta sake tura shi har yatsan ƙafa. Wani da ubansa ke tuƙa babbar mota zuwa Maraɗi ya ce kamar pompon ruwan unguwarsu ke nan, sai dai ba mai danna hannun. Na nuna musu inda za su ɗora yatsu a wuyan hannu su ji bugun. Na sa suka yi tsalle-tsalle a inda suke har ƙura ta tashi, suka sake ji, kowa ya ce nasa ya ƙara gudu, numfashinsa ma haka. Na ce to ƙafafu ne suka nemi ƙarin iska, zuciya da huhu suka tashi tsaye.

Tumbi da hanjin gidan suna ba sa cikin shirina, amma suna cikin kula, yara kuma suka tambaya. Na ce akuya ciyawa take ci, shi ya sa tumbinta yake da ɗakuna da wannan abu mai kama da tawul. Namu jaka ɗaya ce da ke dama abinci. Daga nan ya gangara hanji, amfaninsa ya tsotsu ya shiga jini, jinin ya biya ta hanta ta tace ta ajiye abin ajiyewa. Na nemo yaron nan mai ƙeya na ba shi hanta da hannuna. Ya tauna, ya lumshe ido, sannan ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama kamar yadda na nuna.

Wata yarinya mai ladabi ta tsiro yanka mai kyau a tsinke ta kai wa malamin, ta durƙusa. Ya ce Allah ya yi albarka, yana azumin Litinin. Ashe tun ɗazu mai azumi na kulle a ɗaki da farfesun Inna. Yana rufe baki maƙogwaronsa ya hau ya sauka, yaran layin baya suka gani, ɗaya ya ce a hankali, amma kowa ya ji, ƙwaƙwalwar Malam ma ta aika saƙo. Malamin ya gyara hula.

Bayan an kaɗa ƙararrawa ya kira ni gindin darbejiyar da ke bakin makaranta. Ya ce ya ga yara sun farka, ba zai ɓoye ba. Amma numfashi ya ce in koyar, na taso daga hanci na bi ta ko'ina har hanji, na ci lokacin malamin lissafi. Kuma abu ɗaya da darasin numfashi yake bukata, wato yaro ya ga yadda huhu ke cika da iska ya sake ta, ban nuna ba. Ya tambaye ni ko dafaffen huhu yana numfashi. Na ce a'a. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, ni kuma na fara lissafin yadda zan gaya wa unguwa.

Sai ga babur ya taho yana tangaɗi a cikin yashi, tafiyar da ko keke zai wuce shi. A baya wata tsohuwa ce cikin hijabi, hannu ɗaya ya shaƙe rigar ɗan kabu-kabun ta wuya, ɗayan ya rungume kwano rufe da faifai. Sai da suka matso na gane hijabin. Inna ce, wadda a sanina ba ta taɓa hawa babur ba, wadda take cewa abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba abin hawa ba ne.

Da kyar ta sauko. Ko kallona ba ta yi ba. Ta nufi malamin kai tsaye, ta rusuna ta gaishe shi, ta ajiye kwanon a gabansa ta ɗaga faifan. Ƙirjin akuya ne ɗanye, sabon yanka, a haɗe. Ashe ina fita ta saka hijabi ta tafi kwata da ƙafarta ta tsaya a kan mahaucin har aka feɗe.

"Malam, ni ce uwatta. Ɗiyar ga ba ta da laihi, ta sayo kayan aikinta har sau biyu. Ni na dahwa mata karatun. In akwai wanda za a kayar, ni za a kayar."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce ta yi laifi ba, ko ga mahaifinmu lokacin yana raye. Ga shi ta faɗa a gaban baƙo, a gaban hedimasta, a gaban yaran da suka leƙo ta taga. Na ji kunya, na ji tausayinta, na kuma ji son ta ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa idona.

Malamin ya cire tabarau ya goge, kafaɗunsa suna motsi. Sai daga baya na gane dariyarsa ke nan. Ya ce a fito da yaran.

Suka kewaye ni a gindin bishiya. Na zaro tiyon daga jaka, na zura a maƙogwaron, na ɗaure da zare. Hurawar farko ba abin da ya motsa, don tsoro ya cinye mini numfashi. Na ja iska sosai na sake hurawa. Huhun da ke kwance a yamutse, ja mai duhu, ya fara tashi, ɓangare bayan ɓangare yana buɗewa, launinsa yana washewa, har ya cika kwanon ya rufe zuciyar da ke tsakaninsa. Na cire baki, ya saki iskar da kansa ya koma ya kwanta. Na sake yi, sannan na ce kowa ya dafa haƙarƙarinsa ya ja numfashi. Na gaya musu a jikinmu ba mai hura mana; haƙarƙari ne ke buɗewa, wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka a ƙarƙashin huhu ta ja ƙasa, wuri ya samu, iska ta shigo da kanta.

Na ɗaga kai na ga Inna a bayan yara, ita ma ta dafa haƙarƙarinta ta cikin hijabi. Matar da ta wanke huhu ta yanka shi tun kafin a haife ni, ba ta taɓa tsayawa ta ga yana aikinsa ba. Na ji ta ce a hankali, ikon Allah, ashe haka shi ke.

Malamin ya mayar da tabaraunsa ya ce na ci. Haka kawai ya faɗa, kamar mai gaya mini ƙarfe nawa. Ya juya ga Inna ya ce ta yi masa alkawari in ya sake biyowa ta Jibiya ranar da ba ya azumi za ta dafa masa irin wannan karatun. Inna ta ja hijabi ta rufe baki.

Hedimasta ya ce in raka ta gida. Ɗan kabu-kabun yana jira, yana murza wuyansa inda riga ta shaƙe shi, ya ce tun daga kwata har nan salati take yi masa a kunne. Inna ta dubi babur ɗin ta ce wanda ta hau ya ishe ta har ƙarshen rayuwa, da ƙafa za ta koma. Na sallame shi, na ɗora kwanon a ka, na riƙe kular, muka kama hanya cikin rana.

Ina gaba ina ta zuba, ina ba ta labarin gwanda da mai azumi, sai na ji ba a amsa mini. Na waiwaya na gan ta can baya ta tsaya, ta dafa gwiwa. Na koma kusa da ita. A nan na ji numfashinta, gajere, yana fita da ɗan sauti, sai ta ja sau biyu kafin ta sami na magana ɗaya. Kullum ina ganinta a bakin murhu tana ba da umarni, ban taɓa lura ta tsufa ba sai a kan hanyar nan. Tsoro ya kama ni, wanda ya fi na safe.

"Mi kike saurare?" in ji ta.

Na ce ba kome, kwanon nake gyarawa. Ta ce to in gyara mu tafi, rana tana yi. Na bari ta wuce gaba, na bi ta a baya da irin takunta, duk inda ta tsaya in tsaya, har muka shiga gari.